Aji daban, asibiti daban: yaya ɗalibar nas za ta yi da masu jinya?

Daliba_Aji_Biyu
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin nas, yanzu muna fostin, wato koyon aiki a asibiti, a ɗakin kwanciya na mata. Tambayata ga manyanmu ce da suka daɗe a aikin, da duk wanda ya taɓa zaman jinya.

A aji an karantar da mu cewa dangin mara lafiya abokan aikinmu ne, a yi musu bayani, a saurare su. Mun haddace, mun rubuta a jarrabawa. Da muka shigo asibiti sai na ga maganar da aka fi yi musu ita ce "ku fita". Ku fita za a yi shara, ku fita likitoci za su zagaya, ku fita za a miƙa aiki. Mai jinya ta zo tebur ta ce ruwa ya ƙare, wani lokaci ko kai ba a ɗagowa. Alhali ita ke wanke mara lafiyar, ita ke zubar da fo, ita ke zuwa sayen magani, ita za a nema in ana buƙatar jini.

In na tsaya yi wa wata bayani, sai wata babbar sista ta ce min, "Ɗaliba, kika sake musu fuska za su hau kanki." Kuma ita ce mai sa min hannu a littafin aiki. To ɗaure wa masu jinya fuska yana cikin aikin ne, ko wata al'ada ce muka tarar muke gada?

Abban_Sadik
Wa alaikumus salam. Al'ada ce ƙanwata, kuma mummuna. Na yi jinyar mahaifina a wani babban asibiti lokacin da ɓarin jikinsa ya shanye. A baranda nake kwana kan tabarma, sauro ya yi ta gashi na, kuɗin magani daga aljihuna, har safar hannun da za su sa ni nake sayowa. Ran nan na tambaya, "Sista, wannan allurar ta mece ce?" Sai ta ce min, "Kai likita ne?" Da girmana da gemuna. Bai fi awa guda ba wani alhaji mai babbar riga ya shigo duba mara lafiyarsa, ita ɗin dai ta miƙe tana ranka ya daɗe, har da janyo masa kujera. Ashe sun iya, zaɓa suke yi.

Sista_Dutin_Dare
Allah ya ji ƙan Baba in ya rasu, in yana raye Allah ya ƙara sauƙi. Ba zan kare wadda ta gaya maka haka ba. Amma ku ji ta bakinmu mu ma.

Dutin dare mu biyu ne a ɗakin da gadajensa suka haura talatin. Ɗaya na rabon magani, ɗaya na kan wanda ya rikice. A Fabrairun 2024 magatakardan hukumarmu ta nas da ungozoma da bakinsa ya ce sama da nas 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Aikinsu bai bi su ba, a kanmu ya zauna. In kowane gado zan tsaya minti goma ina bayani, maganin ƙarfe goma na dare sai asuba.

Kuma ɗaliba, ba ki ga komai ba tukuna. Na taɓa shirya wata mata za a shiga da ita tiyata da safe. Mun ce kar a ba ta komai. Da asuba na zo gwada hawan jininta, na tarar da kofin kunu a ƙarƙashin gado, yayarta ta ɗura mata "don ta samu ƙarfi". Aka ɗaga aikin, wani ya shiga gurbinta. Wani kuma ya ga ledar ruwa tana ɗiga a hankali, ya murɗa ya buɗe ta gaba ɗaya, wai don ta ƙare da wuri a sa wata. Mara lafiyar tsoho ne mai ciwon zuciya, numfashinsa ya fara sama-sama. In kin ga irin wannan ya maimaitu, fuskarki da kanta za ta ɗaure.

Malam_Tuta
Sista, labarin kunun nan naki ni a wurina hujja ce ga ɗalibar. Me aka gaya wa yayar? "Kar a ba ta komai." An gaya mata dalili? Matar da ta taso daga ƙauye ta ga ƙanwarta ta kwana da yunwa za a yanka ta, ai a ganinta taimako ta yi. Da an ce mata, "Yaya, in aka sa mata maganin barci da abu a cikinta, zai iya dawowa ya shige mata huhu, mutum na mutuwa ta haka. Saboda haka ko kunu, ko shayi, ko ruwan rubutu, kar ki ba ta. Maimaita min na ji," minti nawa wannan zai ci? Bai kai lokacin da aka ɓata wajen ɗaga tiyatar ba.

Abin da ke damuna a matsayina na mai koyarwa: a jarrabawar gwaji ta hukuma akwai maki a kan sallama, da gabatar da kai, da bayyana abin da za a yi, da neman izini, da jan labule. Ɗalibanmu suna yi wa ɗan tsana wannan duka tsaf, saboda mai ba da maki yana tsaye. Su je fostin wata uku su dawo da "ke mai gado na bakwai". Ba mu muka koya musu ba. Ɗakin kwanciya ya fi aji ƙarfi, mu dai mun sani.

Sista_Dutin_Dare
Malam, ku da kuke leƙo mu da rana da littafi a hannu. Ka zo ka kwana mana ɗaya.

Malam_Tuta
Na yi dutin dare kafin na koma aji, Sista. Ban ce babu gajiya ba.

Hajiya_Metiron_Ritaya
'Yata ɗaliba, Allah ya yi miki albarka da kika yi tambayar tun yanzu, kafin hali ya kama ki.

Bari na gaya miki yadda na riƙe ɗakina lokacin da nake incaji. Kowane gado mai jinya ɗaya, ina ba ta kati, kuma ina tambayar sunanta ko sunan da ake kiranta da shi. Bayan an miƙa aiki da safe, sai na tara su a baranda, ba ya wuce minti biyar. Na nuna musu abu kaɗan: wanda ba ya iya motsi a juya shi duk bayan awa biyu don kar gyambo ya fito masa a ƙugu da dunduniya, robar fitsari ba a zubar da ita sai nas ta auna ta rubuta, ledar ruwa ba a taɓa ta, wanda bai farfaɗo ba ba a ɗura masa ko da cokali ɗaya na ruwa. Sannan na ce musu, in kun ga numfashi ya canza, ko an daina amsa muku, ko jini, ko jijjiga, ku zo da gudu, ko barci nake ku tashe ni. Wanin wannan kuma ku jira zagaye.

Kin ga na ba su iyaka, na kuma ba su aiki. Mai jinya ba ta san sunan cuta ba, amma ta san mutuminta. In uwa ta ce miki "yaron nan ba haka yake ba jiya", ki ajiye biro ki je ki duba. Sau tari kafin ma'aunin zafi ya nuna, ita ta riga ta gani.

Maganar za su hau kanki, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wadda ke karɓar kyautar kuɗi, ko take zama cin abinci da su, ko take ba da lambar wayarta, ita ake hawa. Ki ce a'a da murya ƙasa-ƙasa, ki tsaya a kan a'ar. Ban taɓa zagin kowa ba, kuma ba a taɓa shigo min da taron mutane ɗaki na ƙyale ba.

Zee_Kaduna
Mama Metiron, da irinku ne a ko'ina da ba mu ji tsoron asibiti ba wallahi.

Dan_Sanda_Ne_Babana
Ni dai in nas ta yi min tsawa zan rama, ba ruwana da farin kaya.

Nas_Namiji
To ga irinsu nan. Ku da kuke ganin laifinmu kaɗai, ku tambayi duk wanda ya yi aiki a emajensi ko bai taɓa ganin an mari ma'aikaci ba. Za a riƙe mara lafiya a gida sati biyu ana jiƙe-jiƙe, a kawo shi yana gargara, in ya cika a ce mu muka kashe shi. Abokiyar aikina hijabinta aka shaƙe. Wa ya bi mata kadi? Ɗaliba, ki koyi sakin fuska, amma ki koyi inda ƙofa take, kuma kar ki taɓa sanar da rasuwa ke kaɗai. Ba ma aikin ɗaliba ba ne, ki kira incaji.

Bamaradiya
Sannunku 'yan Najeriya. Mu ma nan haka abin yake. A gidan likita in ba ka da mai jinya ka shiga uku, don shi za a miƙa wa ordinas, wato takardar magani, ya tai ya sayo, shi ke tsaron sarom, wato ledar ruwa. Sa'ad da munka kai innata, manjo, wato babban nas, bai dube mu ba sai da wani ɗan unguwarmu da ke aiki nan ya zo ya ce "tawa ce". Nan take komai ya sake.

Abin da Abban_Sadik ya faɗi an ma yi bincike kansa. Masana sun zauna cikin asibitocin Yamai, da Bamako, da Dakar, da Konakiri, da Abijan, an buga sakamakon a 2003. Abin da sunka gani shi ne wanda ya san wani ana karɓarsa da mutunci, wanda bai san kowa ba kamar babu shi. Kenan ba halin Bahaushe ba ne ko na Najeriya, yadda aikin ya ginu ne. Kuma ɗalibi yana shigowa ya iske shi haka.

Lauyan_Zaure
Ina so na ja hankalin ɗaliba kan wani gefe da ba a taɓo ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a sanar da mara lafiya halin da yake ciki da zaɓin maganin da ke akwai, a harshen da yake ji. Sashe na 26 kuma ya ce bayanansa sirri ne. A 2018 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya, wanda za ku gani a liƙe a bangon wasu asibitoci. Ku lura, haƙƙin na mara lafiya ne. Ba na yayansa ba ne, ba na surukarsa ba, ba na wanda ya biya kuɗin gado ba.

Ɗalibi mai son a ce yana da kirki shi ya fi faɗawa wannan rami. Mutum ya tare ki a baranda, "Sista, don Allah me gwajin ya nuna? Ni ne wansa." Ki faɗa, ashe kin kashe aure ko kin raba zumunci. Mutunta dangi daban, buɗe musu fayil daban.

Ungozoma_Bichi
Lauya ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. A ɗakin haihuwa wannan kullum ne. Yarinya za ta zo da uwar mijinta. Ki tambaye ta yaushe rabonta da al'ada, ko ta taɓa ɓari, sai ta sunkuyar da kai, surukar ta amsa. Ba taurin kai ba ne, kunya ce. Dabarata ita ce na ce, "Mama, taimaka ki karɓo mana kati," ko na ce zan duba ta a bayan labule. Minti biyun nan da muke mu kaɗai nake jin gaskiya. Haka mai ɗan fari, a ɗakin yara za ki tambayi sunan yaro ta yi shiru, kakar ce za ta faɗa. Sabuwar nas sai ta hau faɗa wai uwa ba ta san sunan ɗanta ba.

Wanda ya fi ci min rai shi ne sa hannun tiyata. Mace na zubar da jini, a ce sai an jira maigida, yana kasuwa wayarsa a kashe.

Lauyan_Zaure
A doka, mace baliga mai hankalinta ita ke da ikon sa hannu wa kanta. Ba a buƙatar na miji.

Ungozoma_Bichi
Na sani Lauya. Ita ce za ta ce miki ba za ta sa ba sai ya zo, don ita za ta koma gidan. Shi ya sa tun a awo muke roƙo a zo da mazan, a yi maganar kafin ranar.

Ustaz_Abu_Maryam
Don Allah a bar mana dubiya dai. Duba mara lafiya yana cikin haƙƙoƙin musulmi a kan ɗan'uwansa, hadisi ne ingantacce. Wasu ma'aikatan suna yi kamar zunubi muka zo yi. Kuma su sani aikinsu yana da asali a wurinmu: Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Manzon Allah (SAW) tana jinyar masu rauni, a can aka kwantar da Sa'adu bn Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ don a riƙa duba shi daga kusa.

Nas_Namiji
Allah ya gafarta Malam, ba a hana dubiya ba, lokaci aka sa mata. Kuma malamai da kansu sun ce a taƙaita zama. Abin da muke gani mota guda ce daga ƙauye, da jarirai a goye, a zauna a kan gadon mara lafiya a buɗe kwanon tuwo. Zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, nas-nas ne farkon waɗanda ya kashe. A Janairun 2020 ya kashe likitoci a Kano. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 ta numfashi yake yaɗuwa. In mun ce a fita da yara, yaran muke ji wa.

Ustaz_Abu_Maryam
Wannan gaskiya ne. To a faɗa mana haka, kar maigadi ya kore mu da sanda.

Maman_Ilham
Ni tambaya ce da ni, tunda ma'aikata na nan. Me ya sa in an sa wa mutum oksijin yake mutuwa? Kakata ana sa mata ba ta kwana ba. Shi ya sa da aka ce za a sa wa ɗana na ƙi.

Hajiya_Metiron_Ritaya
Allah ya ji ƙanta. 'Yata, ba oksijin ya kashe ta ba. Waɗanda jikinsu ya yi tsanani ake sa wa, shi ya sa mutane suke haɗa shi da mutuwa. Yara da yawa masu ciwon huhu shi ne sanadin tashinsu. In an sake cewa za a sa, ki yarda. Ɗaliba, kin ga irin abin da nake nufi. Wannan baiwar Allah da an ce mata "sa hannu kin ƙi magani" shi ke nan an rabu, alhali tsoro ne kawai ba wanda ya tambaye ta dalilinsa.

Sista_A_Ingila
Na yi aiki a gida kafin na taho nan. Bambancin farko, a nan dangi ba sa wanka ba sa zubar da fo, akwai ma'aikatan da aka ɗauka don haka, magani kuma yana ɗaki. Saboda haka kar a kwatanta kai tsaye. Amma kar ku ɗauka su ma sun gama da matsalar rashin sauraron dangi. A 2021 wata yarinya 'yar shekara 13, Martha Mills, ta rasu bayan cuta ta shiga jininta a asibiti. Iyayenta sun yi ta cewa jikinta na ƙara lalacewa ba a ɗauki maganarsu ba. Binciken da aka yi ya ce da an mai da ta sashen kulawa ta musamman da wuri, da wataƙila ta rayu. Daga Afrilun 2024 aka fara wani tsari da sunanta: in dangi sun ga mara lafiyarsu na rikicewa kuma ba a saurare su ba, akwai lambar da za su kira wata tawaga daban ta zo ta duba.

Abin da ya ba ni mamaki da kaina, ni ɗin da nake gajeren haƙuri a gida, a nan ban taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Mutum shida ko takwas nake riƙewa, kuma na san in an kai ƙarata lasisina na iya tafiya.

Abban_Sadik
Kun ji ko? Tsoron hukunci ne. A fara kora kawai.

Sista_Dutin_Dare
Ka tsallake inda ta ce mutum shida ko takwas. Ka ba ni shida ka ga yadda zan yi da kai. In aka kore ni kuma wa zai kwana da talatin ɗin, kai?

Daliba_Aji_Biyu
Na gode ƙwarai, na karanta duka. Mama Metiron, na gwada abin da kika ce a kan gadaje huɗun da aka ba ni, na nuna musu juyi da maganar robar fitsari. Wata tsohuwa har ta koya wa ta kusa da ita. Amma matsalata tana nan. Sistar ta gan ni, ta ce tunda ina da lokacin surutu na je na wanke kayan aiki. Ba na son na yi ƙararta wurin malaminmu, littafina yana hannunta, kuma gaskiya ta iya aiki, ita ke samun jijiyar da kowa ya kasa.

Malam_Tuta
Kar ki kai ƙara, kar ki yi musu da ita a gaban mutane. Ki haɗa bayanin da aikin hannu: kina gwada hawan jini kina magana, kina gyara gado kina nuna juyi. Ba wanda zai ce kin zauna surutu. Ki koyi neman jijiya a wurinta, wannan ilimi ne. In kuma ta ƙi sa hannu a kan aikin da kika yi a gabanta, wannan ki gaya wa mai kula da fostin ɗinku, don shi aka ajiye shi.

Sista_Dutin_Dare
Ki dawo zauren nan bayan kin yi shekara biyar da lasisi ki gaya mana ko har yanzu kina tara su a baranda. Ba baƙar magana nake miki ba, ni ma da haka na fara.

Hajiya_Metiron_Ritaya
Ni na yi har na ajiye aiki, Sista. Amma a zamanina mu huɗu ne da dare, wannan ban musa miki ba.

Zee_Kaduna
Wai ni kam wanda ba shi da mai jinya kwata-kwata fa? Akwai wani almajiri da aka kwantar kusa da ƙanena, ba mai zuwa wurinsa, mu muke ba shi abinci. Wa ke da alhakin wanke shi da sayo masa magani?

Nas_Namiji
A takarda, mu da sashen jin ƙai na asibiti. A zahiri, masu jinyar gadon kusa da shi, sai kuma ɗalibai in suna fostin. Maganin kuwa sau da yawa karo-karo muke yi a tebur.